Sambhu Nath De da Dafin Kwalara: Yadda Binciken Hanjin Zomo Ya Sauya Maganin Amai da Gudawa

Gabatarwa

Cutar kwalara, wadda Hausawa suka fi sani da suna amai da gudawa, tana daga cikin cututtukan da suka fi saurin kisa a duniya. Mutum yakan wayi gari lafiya lau, ya ci ya sha, amma kafin faɗuwar rana idanunsa sun zurma, fatarsa ta yamutse, muryarsa ta dushe, in kuwa ba a kai masa ɗauki ba sai rai ya yi halinsa. Idan cutar ta yi tsanani, babban mutum yana iya zubar da ruwan jikinsa har lita guda a cikin sa'a ɗaya. Daga cikin waɗanda ta yi wa mugun kamu, in ba a yi musu magani ba, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari sukan mutu. Amma inda aka ba da magani da wuri kuma yadda ya kamata, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ko kashi ɗaya cikin ɗari.

Tsakanin waɗannan alƙaluma guda biyu akwai aikin masana da yawa na tsawon shekaru fiye da ɗari. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a gabatar wa mai karatu ɗaya daga cikinsu, watau Dokta Sambhu Nath De, wani likita ɗan ƙasar Indiya wanda ya gano dafin da ƙwayar kwalara ke fitarwa a cikin hanji. Za mu duba yadda ya gudanar da bincikensa, da hanyoyin da binciken ya buɗe wa waɗanda suka biyo bayansa, sa'an nan mu ga yadda amfaninsa ya iso har gidajenmu.

Abin da Aka Sani Kafin De

A shekarar 1854 wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Filippo Pacini ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin hanjin waɗanda kwalara ta kashe, ta hanyar madubin nan mai ƙara girman abu, amma ba a kula da maganarsa ba. A wannan shekarar ce kuma John Snow ya nuna cewa ruwan wani famfo ne ke yaɗa cutar a wata unguwa ta birnin Landan. Bayan shekaru kusan talatin sai shahararren masanin nan na ƙasar Jamus, Robert Koch, ya bi sawun annobar zuwa Masar a 1883, daga nan ya wuce birnin Kalkata na Indiya, inda a farkon 1884 ya ware ƙwayar ya kuma rene ta a ɗakin gwaji. Ƙwayar bakteriya ce 'yar mitsitsiya, mai lanƙwasa kamar waƙafi, wadda a yau ake kira Vibrio cholerae.

Koch ya lura da wani abu mai ɗaure kai. Ƙwayar ba ta shiga cikin jini, a hanji kaɗai take zama, amma duk da haka jikin majinyaci gaba ɗaya ke rikicewa: hannu da ƙafa su yi sanyi, jijiyoyi su riƙa ɗaurewa, fitsari ya tsaya. Saboda haka sai ya yi hasashen cewa ƙwayar tana fitar da wani dafi wanda ke ratsa hanji ya shiga jini ya kama sauran gaɓoɓi. Rabin hasashen daidai ne, domin lalle akwai dafi. Sauran rabin kuwa ya kai masana ga hanyar da ba ta ɓullewa. Shekara da shekaru aka yi ta yi wa dabbobi allurar ƙwayar ko ruwanta a jijiya, ko a ƙarƙashin fata, ko a kogon ciki. Wasu dabbobin sukan mutu, amma ba sa yin gudawa irin ta kwalara. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin gaɓar da cutar ke yi wa ɓarna, watau hanji, ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Wane ne De?

An haifi Sambhu Nath De ranar 1 ga Fabrairu 1915 a ƙauyen Garibati na gundumar Hooghly, a yankin Bengal, ba nisa da Kalkata. Iyayensa ba masu hali ba ne, da tallafin karatu ya yi ta haurawa har ya sami shiga Kwalejin Koyon Aikin Likita ta Kalkata, inda ya kammala a 1939. A 1947 ya tafi Landan ya yi aiki a ƙarƙashin Farfesa Roy Cameron, wani gwani a fannin nazarin yadda cuta ke sauya gaɓoɓin jiki, ya kuma sami digirinsa na uku a 1949.

Da ya koma gida sai ya kama aiki a Kwalejin Likita ta Nilratan Sircar, wadda asibitinta ke karɓar masu fama da kwalara a birnin Kalkata. A wancan zamani cutar ba ta yankewa a birnin, kowace shekara sai ta dawo. De ya fara da nazarin ƙodar waɗanda cutar ta kashe, kuma a hankali ya karkata ga fahimtar cewa mafi yawan alamun da ake gani a jikin majinyaci ana iya bayaninsu da abu guda, watau tsiyayewar ruwa da gishirin jiki ta hanji. In kuwa haka ne, to a hanjin ya kamata a nemi dafin, a can kuma ya kamata a gwada shi.

Zomo, Zare da Allura

Matsalar farko ita ce samun dabbar da za ta kamu da cutar kamar yadda mutum ke kamuwa. De ya zaɓi zomo. Bayan an sa wa zomo maganin barci, sai a buɗe cikinsa a yi allurar ƙwayoyin kwalara kai tsaye a cikin ƙaramin hanji. Zomayen suka mutu ba tare da sun yi gudawa ba. Wani mai binciken da ya tsaya nan ya ce gwaji bai yi ba, amma De ya feɗe su ya duba. Zomo yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ciyawar da ya ci ke ruɓewa. De ya tarar da wannan jaka cike da ruwa-ruwan kashi. Ashe hanjin ya zubar da ruwan, jakar ce ta tare shi bai fito waje ba.

Daga nan sai dabara ta zo masa. Ya sami wani yanki na ƙaramin hanji mai tsawon kimanin santimita 10, ya ɗaure shi da zare ta gaba da ta baya, ya zama kamar 'yar salka, sa'an nan ya yi allurar ƙwayoyin a ciki, ya ɗinke cikin zomon. A wani yankin hanji kuma ya yi irin wannan ɗauri, amma ya zuba romon da ake renon ƙwayoyin a ciki zalla, babu ƙwaya ko ɗaya. Washegari da aka buɗe, sai aka ga yankin da ke da ƙwayoyin ya kumbura tim da wani ruwa fari-fari mai kama da ruwan wankin shinkafa, irin wanda masu kwalara ke fitarwa. Ɗaya yankin kuwa yana nan a lafe, babu komai a cikinsa.

Ya kamata ɗalibai su lura da muhimmancin wannan yanki na biyu. Da babu shi, da wani zai iya cewa ɗaurin ne ko allurar ko romon ya jawo kumburin. Da yake an yi wa yankunan biyu komai iri ɗaya, ƙwayar ce kaɗai bambancinsu, babu wanda za a ɗora wa laifin sai ita. Wannan shi ake kira gwajin kwatanci, kuma shi ne ƙashin bayan duk wani bincike na kimiyya. De da abokin aikinsa D. N. Chatterje suka buga sakamakon a 1953. A karo na farko masana suka sami hanya mai sauƙi da arha ta auna ɓarnar ƙwayar cuta a cikin hanji.

A 1956 De da abokan aikinsa suka yi amfani da wannan dabara a kan wata ƙwayar, Escherichia coli, wadda ke zaune a hanjin kowane mai lafiya, kuma a lokacin ana ɗaukarta a matsayin 'yar gida marar cutarwa ga manya. Suka nuna cewa wasu nau'o'inta da aka samo daga masu gudawa suna cika hanjin zomo da ruwa kamar yadda ƙwayar kwalara ke yi. A yau an san cewa waɗannan nau'o'i suna daga cikin manyan masu haddasa gudawa ga yara ƙanana da matafiya.

Shekarar 1959

Tambayar da ta rage ita ce, ƙwayar ce da kanta ke wannan aiki, ko kuwa wani abu ne da take fitarwa? De ya ci gaba da aikin a Cibiyar Bose ta Kalkata, galibi bayan ya tashi daga aikin koyarwa. Ya rene ƙwayoyin a cikin romo, ya tace romon da mataci mai ƙananan ƙofofi waɗanda ko ƙwaya ɗaya ba ta iya wucewa ta cikinsu, sa'an nan ya zuba tatattcen ruwan a ɗaurarren hanjin zomo. Hanjin ya cika da ruwa kamar dā. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwayar tana fitar da dafi, kuma dafin a kan tantanin hanji yake aikinsa. Ya buga wannan sakamako a mujallar Nature a 1959, cikin wata gajeriyar maƙala, shekaru 75 bayan hasashen Koch. Daga baya ya nuna cewa zafi yana kashe ƙarfin dafin, abin da ke nuni da cewa furotin ne. A wannan shekara ta 1959 kuma wani masanin Indiya, N. K. Dutta, da abokan aikinsa a birnin Bombay, wanda a yau ake kira Mumbai, suka sami sakamako makamancin wannan da jariran zomaye. A 1961 De ya tattara abin da ya gano a cikin littafi.

Yadda Dafin Ke Aiki

Don a fahimci ɓarnar dafin, sai an san aikin hanji na yau da kullum. A kowace rana kimanin lita 8 zuwa 9 na ruwa ke bi ta cikin hanjin babban mutum. Kaɗan daga ciki ne abin da ya sha, mafi yawa miyau ne da ruwan tumbi da ɗaci da sauran ruwayen narkar da abinci. Hanji yakan tsotse kusan dukkan wannan ruwa ya mayar da shi cikin jini, abin da ke fita tare da bayan gida bai fi kofin shayi guda ba. Tantanin da ya shimfiɗu a cikin hanji, wanda ya ƙunshi ƙananan ɗakunan halitta da masana ke kira sel, shi ke wannan aiki, ta hanyar wasu ƙofofi da ke shigar da sinadaran gishiri ko su fitar da su. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk inda gishiri ya nufa, ruwa yakan bi shi.

De ya yi zaton dafin yana sa bangon hanji ya riƙa yoyo ne. Waɗanda suka ɗora a kan aikinsa suka gyara wannan fahimta. A 1960 Eugene Gangarosa da abokan aikinsa suka ɗebo ƙananan tsokoki daga hanjin masu kwalara a ƙasar Tailan tun suna raye, suka ga tantanin yana nan lafiya, bai saɓule ba. A 1969 Richard Finkelstein da Joseph LoSpalluto a Amurka suka tsarkake dafin, suka ware shi daga duk wani gauraye. A 1973 Jan Holmgren na ƙasar Suwidin da wasu masanan suka gano wurin da yake maƙalewa a jikin sel.

Abin da aka sani a yau shi ne, dafin yana da sassa iri biyu. Akwai sashen B guda biyar, waɗanda suka yi zobe, su ne ke damƙar bangon sel kamar yatsun hannu. Akwai kuma sashen A guda ɗaya, wanda ke kutsawa ciki. Da ya shiga sai ya je ga wani furotin da ake kira furotin G, wanda aikinsa kamar na makunni ne, yana kunnawa yana kashewa gwargwadon buƙata. Dafin yakan maƙale wannan makunni a kunne. Sakamakon haka sai ƙofar da ke fitar da sinadarin kuloraid ta zauna a buɗe, kuloraid ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Misalin abin kamar famfo ne da aka buɗe aka kuma karya kansa. Sanyin jiki da ɗaurewar jijiyoyi da tsayawar fitsari da Koch ya gani duk sun biyo bayan wannan asara ce ta ruwa da gishiri.

Daga Ɗakin Gwaji zuwa Ruwan Gishiri da Sukari

Tun a 1832 wani likita a ƙasar Sikotilan, Thomas Latta, ya gwada yi wa masu kwalara ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, kuma a farkon ƙarni na 20 Leonard Rogers ya inganta wannan hanya a Kalkata. Sai dai ƙarin ruwa yana buƙatar tsarkakken ruwa da allura da ƙwararren ma'aikaci, abubuwan da suka fi ƙaranci a wuraren da annobar ta fi ɓarna. In kuwa aka ba majinyaci ruwan gishiri zalla ya sha, hanjin ba ya tsotsar sa yadda ya kamata.

Mafita ta zo ne daga haɗuwar ilimi biyu. Na farko shi ne wanda De da magadansa suka kafa, cewa kwalara cutar hanji ce da dafi ke haddasawa, kuma tantanin hanjin yana raye. Na biyu ya fito daga Robert Crane, masanin Amurka, wanda a 1960 ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a sel ɗin hanji da ke shigar da sodiyam da sukarin gulukos tare, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗan'uwansa. Da aka bincika sai aka tarar dafin kwalara ba ya taɓa wannan ƙofa. Ma'ana, in aka haɗa gishiri da gulukos a ruwa bisa awo daidai, hanji zai tsotse su ko ana tsakiyar gudawa, ruwa kuma zai bi su ya koma cikin jini.

Ba a kai ga wannan awo cikin sauƙi ba. A farkon shekarun 1960 ayarin likitocin Amurka ƙarƙashin Robert Phillips suka gwada a birnin Manila, amma haɗin nasu ya yi kauri, wasu majinyata suka rasu, aka dakatar da gwajin. A 1968 ayarin Norbert Hirschhorn a birnin Daka da na Nathaniel Pierce a Kalkata suka nuna cewa haɗi mai awo daidai yana rage asarar ruwa. A shekarar ce kuma David Nalin da Richard Cash da abokan aikinsu suka nuna cewa shan haɗin yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kimanin kashi 80 cikin ɗari.

Babbar jarrabawa ta zo a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash, sa'ad da miliyoyin mutane suka yi hijira zuwa Indiya, kwalara kuma ta ɓarke a sansanoninsu. A sansanin Bangaon ruwan ƙari ya ƙare wa Dokta Dilip Mahalanabis. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos da soda a manyan durom, 'yan'uwan majinyata suna ɗiba da kofi suna ba su. Daga cikin mutane fiye da 3,000 da aka yi wa magani ta wannan hanya, kashi 3.6 cikin ɗari ne suka rasu, alhali kafin nan kusan kashi 30 ke mutuwa. A 1978 mujallar likitoci ta The Lancet ta bayyana gano wannan hanya a matsayin abin da ke iya zama ci gaba mafi muhimmanci a fannin likitanci a ƙarni na 20. A wajejen 1980 an ƙiyasta cewa gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a duk shekara. Ƙididdigar 'yan shekarun nan ta nuna adadin ya sauka ƙasa da rabin miliyan. Tsabtataccen ruwa da rigakafi da ingancin abinci duk sun taimaka, amma kaso mai tsoka na wannan nasara na ruwan gishiri da sukari ne, wanda aka fi sani da O.R.S.

Sauran Rassan da Binciken Ya Yi

Burin De shi ne ya sarrafa dafin ya zama rigakafi. Allurar rigakafin da ake yi tun zamanin Waldemar Haffkine a shekarun 1890 kariyarta ba ta da ƙarfi, ba ta kuma daɗewa. Da aka fahimci cewa a hanji ake fafatawar, sai masana suka koma ga rigakafin da ake sha. Jan Holmgren da Ann-Mari Svennerholm na Jami'ar Gothenburg suka haɗa matattun ƙwayoyin kwalara da sashen B na dafin, wanda shi kaɗai ba ya cutarwa, aka sami rigakafin Dukoral da aka amince da shi a 1991. Daga baya aka samar da wasu masu rahusa, kuma a 2013 aka kafa rumbun ajiyar rigakafin kwalara na duniya don kai ɗauki lokacin annoba.

Dafin ya kuma zama kayan aiki a fannonin da ba su da alaƙa da gudawa. Da yake yana maƙale furotin G a kunne, masana sun yi amfani da shi wajen gano yadda saƙonni ke shiga cikin sel, aikin da ya kai Alfred Gilman da Martin Rodbell ga lambar yabo ta Nobel a 1994. Masu nazarin ƙwaƙwalwa kuma suna amfani da sashen B wajen bin sawun jijiyoyi. Bugu da ƙari, a 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa umarnin ƙera dafin ba na ƙwayar kwalara ba ne tun asali, wani bairos ne da ke kama bakteriya ya kawo mata shi. Duk waɗannan rassa daga kututture guda suka tsiro.

Yaya Ake Auna Tasirin Bincike?

Hanya ɗaya da masana ke bi ita ce ƙirga yawan maƙalun da suka ambaci wani aiki a matsayin madogara. Eugene Garfield, wanda ya assasa wannan hanya ta ƙirge, ya yi rubutu na musamman a kan De a 1986, inda ya nuna cewa zuwa lokacin an ambaci maƙalar 1953 sau 340. Abin lura shi ne, shekaru da dama na farko da wuya a sami mai ambatonta. Sai da annobar kwalara ta bakwai, wadda ta faro daga Indunusiya a 1961, ta fara bazuwa a duniya, sa'an nan manyan ɗakunan bincike suka waiwayi aikin. Da a ce an auna De da ma'aunin shekarun farko, da an ce bai tsinana komai ba.

Shi kansa bai sami damar kammala abin da ya fara ba. Tsarkake dafin yana buƙatar na'urorin da ba shi da su, da ruwan ciki kuwa akan ja na rijiya. Haka kuma nau'in ƙwayar da ake kira El Tor, wanda ya maye gurbin tsohon nau'in a Kalkata a shekarun 1960, ba ya fitar da dafi mai yawa a ɗakin gwaji. De ya yi ritaya a 1973. A 1978 aka gayyace shi taron masana da Gidauniyar Nobel ta shirya kan kwalara a Suwidin, inda ya kwatanta kansa da mamacin da aka tono daga kabari. Joshua Lederberg, wanda shi kansa ya ci lambar Nobel, ya gabatar da sunan De don a ba shi lambar fiye da sau ɗaya, amma hakan bai yiwu ba. De ya rasu ranar 15 ga Afrilu 1985. A 1990 mujallar Current Science ta Indiya ta fitar da bugu na musamman don tunawa da shi.

Kwalara a Yankinmu

Annobar nan ta bakwai ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta ƙasar Gini, ta bi gaɓar teku da kogin Neja, ta isa yankin Tafkin Cadi a 1971. A Nijeriya an ƙirga mutane kusan 23,000 da suka kamu a 1971, kusan 3,000 suka rasu. A 1991 an ƙirga fiye da 59,000, fiye da 7,600 suka rasu. A 2021 kuma hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa ta ba da rahoton mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, da fiye da 3,600 da suka rasu, kuma jihohin Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. In ɗalibi ya yi lissafi zai ga cewa a 1971 da 1991 kimanin kashi 13 cikin ɗari ne suka rasu, a 2021 kuwa kimanin kashi 3. An ci gaba, amma har a wannan shekarar adadin ya ninka abin da ya kamata sau uku. An kuma yi amfani da rigakafin da ake sha a Jihar Barno a 2017, sa'ad da cutar ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira.

Ilimin da ya fito daga wannan bincike ya nuna abin da ya kamata a yi a gida. Wasu sukan hana mai gudawa shan ruwa don kada abin ya ƙaru, wasu kuma sukan ruga sayen kafso. Alhali abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa, don haka mayar da shi ne aikin farko. A narkar da ƙunshin O.R.S. guda a cikin adadin tsabtataccen ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba majinyaci kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa, ko yana amai. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe ba tozo, a cikin lita guda ta dafaffen ruwa. Kada a ƙara awo, domin abin da ya faru a Manila ya isa darasi. A ci gaba da shayar da jariri nono, a ba yara ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 bisa umarnin ma'aikacin lafiya, a kuma garzaya asibiti ana tafe ana ba da ruwan, domin wanda ya galabaita sai da ƙarin ruwa ta jijiya.

Kammalawa

Malaman kimiyyar halittu suna iya nuna wa ɗalibai ƙa'idar da wannan labari ya ginu a kanta da ɗanyen dankalin turawa. A raba shi biyu, a ƙwaƙule rami a kowane ɓari, a zuba gishiri a ɗaya a bar ɗayan haka nan, a ajiye su na sa'a guda. Ramin da ke da gishiri zai tara ruwa, ɗayan kuwa zai zauna a bushe. Ɗalibai za su ga yadda ruwa ke bin gishiri, su kuma ga amfanin gwajin kwatanci, kamar dai yadda De ya yi da yankunan hanji biyu.

Daga ƙarshe, tarihin Sambhu Nath De yana da abin faɗa ga ɗaliban da ke karatu a makarantun da kayan gwaji suka yi ƙaranci. Kayan aikinsa na farko zomo ne da zare da allura da mataci. Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi shi ne, ya zaɓi cutar da ke kashe mutanen garinsa, ya duba gaɓar da aka yi watsi da ita, da gwaji ya ƙi kuma ya feɗe zomon don ya ga dalili. Cututtukan hanji har yanzu suna ɗauke mana yara, musamman da damina, kuma akwai tambayoyi da yawa game da ruwan rijiyoyinmu da ƙwayoyin da ke cikinsa waɗanda ke jiran masu bincike daga cikin ɗalibanmu. Muna fatan wasu daga cikin masu karanta wannan maƙala za su ɗauki wannan aiki.